Manjan da Rana ta Cinye

Shekarar da maigida ya samu gurbin karatu a Makka muka kama ɗaki a unguwar Tandabawi, hawa na biyu, a wani tsohon gini mai matakalar da ke kashe gwiwa. A samanmu wata dattijuwa take zaune ita kaɗai, haihuwar Makka, iyayenta ne suka zo hajji daga ƙasar Katsina ba su koma ba. Kowa Khala yake ce mata. Hausarta rabi Larabci ce, amma in dai manja ne, duk Bahaushiyar da ke tsakanin Tandabawi da Jarwal ƙofarta take bugawa. 'Yan umara ke kawo mata shi daga gida, ta juye a galan-galan na zamzam da suka ƙare, masu fararen jikin nan da ake hango abin da ke ciki. Mijinta ya rasu, ɗanta yana aiki a Jidda. Taƙamarta ɗaya ce a duniya: ba a taɓa cewa kayanta da algus ba.

Ni ce na fara faɗa. Gara in ɗauki laifina tun yanzu.

Cikin zafin bazara na sayo manja a wurinta na yi wa baƙin maigida alale. Alalen ya fito fari-fari kamar mai jinya, ga wani maƙaƙi da yake bari a maƙogwaro. Kwanon baƙin ya dawo da saura. Na ji haushi, kuma ni in haushi ya kama ni bakina ba shi da linzami. Bayan kwana biyu a wata walimar suna a Jarwal, ana hirar tsadar kaya, na ce, "Ai Khala ma ta fara sirka mana manja da man girki." Wata ta ce ita ma ta lura nata ya koɗe. Wata ta ce, "Ke da kika yi karatun kimistiri ai ba a ja da ke." Shi ke nan, magana zarar bunu.

Kafin wata ya ƙare matakalarmu ta yi tsit. Da can ina mitar ƙafafun mata masu hawa da sauka, sai ga shi sai in wuni ban ji kowa ba. In mun haɗu da Khala ta gaishe ni yadda ta saba, "Kef halik ya binti, ya maigidan?" Ban san ko ta san daga inda maganar ta fito ba, ni kuma ban tambaya ba.

Wata safiya igiyar shanyata ta tsinke, na ɗauki wanki na hau suɗuhi, wato saman rufin gini, inda ban taɓa zuwa ba. Ga galan-galan ɗin Khala a jere jikin bango, cikin zafin ranar Makka, wasu rabi, wasu murfinsu a kwance. Na taɓa ɗaya ya ƙona mini hannu. Tana can gefe tana juya su.

Na ce, "Khala, me ya kawo manja nan?"

Ta ce bana ɗanta ya sa mata mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, saboda zafi ya fara kayar da ita. To sanyin ya daskarar da manjan, hannunta kuma ba ya iya kwarfa, mata ba sa son jira. Sai ta ga ga rana kyauta, ta kwaso su ɗaya-ɗaya ta hauro da su don su riƙa zama a narke.

Nan take na gane. Abin nan na koyar da shi shekara biyu a sakandaren 'yan mata kafin in yi aure. Jan da ke cikin manja wani sinadari ne, irin wanda ke cikin karas. Doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin sinadarin kabon, wannan ya riƙe na gaba da ɗauri biyu, na gaban ya riƙe da ɗaya, biyu, ɗaya, har ƙarshe, kamar ayarin tsofaffi a ɗawafi. Wannan jerin ne ke haɗiye shuɗin haske ya bar wa ido ja. Kuma daidai wurin ɗauri biyun nan iska ke samun shiga, rana da zafi su taya ta. Sarƙa ta katse, launi ya tafi. Shi ma man kansa yana da irin ɗaurin, in an ci shi sai maƙaƙi ya biyo baya. Na sani sarai. Ban dai tsaya na yi tunani ba, saboda zargi ya fi sauƙi.

Na ce a raina ni na ɓata, ni zan gyara. Yayata ta aiko mini da sabon manja daga Zariya, na kira mata uku daga cikin na walimar, a gabansu na raba shi kwalba biyu, rabi-rabi. Ɗaya na naɗe da tsohuwar abaya na tura ƙarƙashin gado, ɗaya na kai suɗuhi. Da wata ya zagayo na sake kiran su, na roƙi Khala ta hauro suɗuhi. Na jera kwalaben a ƙasa. Ta ƙarƙashin gado jawur, ta rana kuwa ta koma ruwan ɗorawa mai hasken shayi. Suka shinshina, suka ɗanɗana, suka yi ta salati. Ni ko ina ta zuba bayani, har da zana sarƙar da gawayi a jikin bango, ina jin daɗin kaina kamar na ci gasa.

Khala ba ta kalli zanen ba. Ta bari na gama, sannan ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya. Ashe duk ta bi su gida-gida a lokacin, ban sani ba.

Ta ce, "Na je gidajenku da ƙafata, na fuskanci Ɗakin Allah na rantse ban zuba komai ba. Ba wadda ta yarda. Yau kwalba ta yi magana kun yarda."

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da uwata ta haife ni. Na durƙusa na ce, "Khala, daga bakina maganar ta fito. Don Allah ki yafe mini."

Ta ce, "Na sani tun ranar, ya binti. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ta sunkuya ta ɗauki galan ɗaya za ta sauka da shi. Na miƙa hannu zan karɓa, ta ce in bari. Muna tsaye muna jin saukarta, tana hutawa a kowace matakala.