Ranar da Mai Agogo Ya Birkice Ƙwaro

Har yau Mai Agogo ake kiransa, ko da yake rabonsa da buɗe bayan agogo an daɗe. Wayar hannu ce ta kashe masa sana'a. Ya yi ta zama a rumfarsa yana kallon mutane suna wucewa da hannu fayau, har ranar da ya gaji, ya naɗe kayan aikinsa a tsumma, ya koma lambun yayansa da ke bakin rafi.

Yayan nasa mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba linzami. Ya ba shi fartanya, ya haɗa masa da gori. Kuma a faɗi gaskiya, Mai Agogo bai iya noma ba. Kafin ya gama kunya ɗaya rana ta take, domin kowane ganye sai ya tsuguna, ya maƙala gilashinsa na gyaran agogo mai ido ɗaya, ya ƙare masa kallo. Abin yana ci masa rai ƙwarai, a ce da furfurarsa ana yi masa kallon cima-zaune.

Lambun yana da abokan gaba biyu. Akwai wata ciyawa mai yaɗo da ke haurowa daga rafi tana shaƙe dankali, a cire ta yau, jibi ta dawo. Akwai kuma wani ƙwaro da bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, mai ɓawo kamar ɗan kunkuru, yana ƙyalli ruwan zinariya. Bara shi ne ya bar ganyen dankalin kamar rariya.

Wata safiya sai ga ƙwarin sun cika gefen lambu. Yaya ya goyo famfon feshi yana ta sababi, ya tarar da ƙaninsa a durƙushe, da hantsaki a hannu.

"Yaya, dakata. Waɗannan ba na bara ba ne."

"Kai, tashi ka ba ni wuri! Ni da na sha wuyarsu ne ban san su ba?"

"Fuskarsu ka sani. Mu a sana'armu ba ma yarda da fuska, sai mun juya baya." Ya birkice ƙwaro ɗaya a tafin hannunsa. "Dubi cikinsa, baƙi ne. Na bara cikinsa rawaya ne, kuma yana da tabo a kafaɗa da kuma ta wajen gindi. Wannan a kafaɗa kawai yake da shi. 'Yan uwa ne, amma ba abinci ɗaya suke ci ba. Ka ga inda suka taru? A kan ciyawar nan ne."

Yaya ya leƙa, bai ga komai ba sai ɗigo mai motsi. Ya ce, "To, na ji. Na bar maka su zuwa ƙarshen mako. Amma wallahi in suka taɓa mini dankali, ƙafarka kada ta ƙara taka lambun nan."

Mai Agogo ya san in aka kore shi daga nan ba shi da wata madafa. Duk da haka ya ce ya yarda.

Ya je wurin matar yayansa ya roƙi kwalabe. Ta miƙo masa tana dariya. "Ƙanin miji, kiwo ka fara? In sun haihu a ba ni 'yar tunkiya ɗaya." Ya zuba ƙwari a kwalba ɗaya da ganyen dankali zalla, ɗayar kuma da ganyen ciyawar, ya rufe bakinsu da ƙyalle, ya jera su a kan taga. A kwanakin nan ko abinci ba ya yi masa daɗi.

Ƙwarin dai ba su kunyata shi ba. Na kwalbar ciyawa suka cinye ganyensu tas, har yana ƙara musu. Na kwalbar dankali kuwa suka yi ta zagaye jikin gilashi, sun gwammace yunwa da su sa masa baki. Da mako ya ƙare ya ja Yaya zuwa bakin rafi. Ciyawar da ta gagari fartanya ta zama ƙarare, ta yi yaushi ta kwanta, dankali kuma ya yi shar, ko huda ɗaya babu.

Yaya ya durƙusa yana dudduba ganyen dankalin. Can ya ce, "Ba ni gilashin nan in gani." Ya maƙala a ido, gilashin ya faɗo. Ya sake maƙalawa, ya sake faɗowa cikin kunyar dankali. Mai Agogo ya yi dariyar da ya daɗe bai yi irinta ba, har da hawaye, daɗi ya cika masa ciki.

Yanzu yana da ɗan tebur a ƙarƙashin mangwaron lambun, ya shimfiɗa tsummansa, ya jera kayan aikinsa kamar da. Maƙwabta suna kawo masa ƙwari a kwalin ashana, yana birkice su ɗaya bayan ɗaya. Noma dai har gobe bai iya ba. Amma duk safiyar da aka ga baƙon ƙwaro a ganye, Yaya yakan zo da famfo a bayansa, ya tsaya a gaban teburin, ya rage murya ya ce, "Ƙanena, a fesa ko a bari?"