Laƙabin da Kakana Ya Ƙi

A makarantar midil aka koya mana cewa idan za a rubuta wa dattijo wasiƙa da Turanci, akan bi sunansa da laƙabin Eskwaya. Malaminmu bai tsaya nan ba. Ya ce asalin kalmar a ƙasar Ingila yaron barde ne, mai riƙe wa ubangidansa garkuwa. Da zamani ya juya sai ta zama sunan mai gandu, wanda ƙauye guda ke zaune a kan ƙasarsa, daga bisani kuma ta koma girmamawa kawai a bayan ambulan.

Ina jin haka sai na tuna da kakana. Tun kafin zuwan Turawa, sa'ad da mahara ke gangarowa daga arewa suna auka wa ƙauyukanmu, shi ma garkuwa ya riƙe wa hakimi. Da hankali ya kwanta aka ba shi izinin saran daji a gefen Wagini, kuma gonar nan ce ta ciyar da gidanmu duka.

Ban daɗe da kama aikin akawu ba aka ce hukuma za ta shata gandun daji, layin kuwa zai haɗiye gonar. Na zauna na tsara takardar koke, na liƙa wa sunan tsoho wannan laƙabi, don Bature ya san da mai ƙasa yake magana. Da na fassara wa kakan nawa, sai ya tambaye ni ko shi wancan mai gandu na Ingila yana da ikon korar wanda ya ga dama daga ƙasarsa. Na ce haka aka koya mana.

Ya ce, "To goge shi, malam akawu. Ƙasa ta Allah ce, sarki amana aka ba shi. Ni gumina kawai na mallaka. Rubuta cewa ni na sare ta, kuma ban taɓa barinta ta kwanta ba."

Na goge, raina bai so ba, domin a ganina mun zubar da makaminmu.

Ranar da mai awon ƙasa na hukuma ya zo, tsoho ya ƙi hawa jaki. Da sandarsa ya zagaya da shi iyaka, yana nuna masa gamban da ya dasa, da ɗorawar da ya ƙyale lokacin sara, da burtalin da ya bar wa shanu. Ardon Fulanin da ke sauka a gonar kowace kaka ya biyo su, ya shaida cewa tun zamanin mahaifinsa shanunsu ke zuba mata taki.

Mai awo ya daɗe yana duban taswirarsa. Sannan ya sa aka tumɓuke turakun da aka kafa na shata layin, aka mayar da su bayan gamba. Geron gonar nan nake ci har yau.