Rumbun Irin da Muka Kasa Buɗewa

Ni na hana yayana naɗa wakili, kuma ban yi amfani da komai ba sai bakina. Gara in faɗa da kaina kafin mutanen Matameye su ƙara wa labarin gishiri, don ni ma zan ƙara nawa.

Tun da babanmu ya rasu, yaya ne maigida. Saurayi ne ƙato, yana da mata da jariri ɗaya, in ya yi atishawa kajin maƙwabta sai sun watse. Bayan girbi ya zaɓi zangarniyar gero mafi kyau don iri, ya zuba a ƙaramin rumbu, ya yaɓe bakin da laka, ya danna tafin hannunsa a kai. A gidanmu ba mai fasa wannan laka sai mai hannun, ko wanda ya ambata gaban shaidu.

Wata ranar kasuwa muna dawowa, ya ce mini yana so ya kira liman da mutum biyu, ya faɗi wanda zai tsaya masa in ciwo ya kayar da shi.

Na ce, "Yaya, kai da kake cinye tuwo ƙwarya uku? Ciwon da ya shige ka ai shi zai nemi wakili."

Ban tsaya nan ba. Na samo sanda, na ranƙwafa, na bi samarin unguwa ina tari ina cewa, "Ku kira mini liman, 'ya'yana, na kusa." Kwana uku ana gaishe shi da "Sannu tsoho, ya ƙarfin jiki?" Kunya ta sa ya bar maganar.

Ana gab da damina, da hantsi, yana gyaran shinge sai ya zauna ya riƙe kai. Kafin azahar ba ya gane matarsa. Washegari aka yi ruwan shuka, irin wanda ke jiƙa ƙasa har ƙwauri. Kowa ya saɓa sungumi ya nufi gona, mu kuwa muna tsaye gaban rumbu muna kallon tafin hannu.

Baffanninmu biyu suka zo, waɗanda tun rabon gadon baba ba sa cin abinci a inuwa ɗaya. Babban ya ce shi zai fasa. Ƙaramin ya ce in ya taɓa, a gaban alƙali za su ƙarasa. Aka kira liman. Ya ce mai abu yana da rai, ba a taɓa masa sai da izininsa. In kuma Allah ya karɓe shi, akwai haƙƙin jariri a ciki. Ya tambaya ko yaya ya taɓa ambaton wani.

Na yi gyaran murya na ce, "Allah gafarta Malam, ni ya so ya naɗa."

Baffa ƙarami ya dube ni daga sama har ƙasa, abin bai ɗauke shi lokaci ba. "Kai? Ba kai ne mai sandar nan ba?"

Na ce a zo a ji daga bakinsa. Muka shiga ɗaki da liman da baffanni. Na durƙusa a kunnen yaya na yi murya mai daɗi, wadda ban taɓa yi masa ba.

"Yaya, wa ka wakilta a kan rumbu? Ba ni ba ne?"

Ya buɗe ido, ya dube ni da kyau, har na fara gyara zama. Sai ya ce, "A kori ɗan akuyan nan, yana ci mini tabarma."

Liman ya kau da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ya ce wannan ba shaida ba ce.

Na je roƙon iri a dangin innarmu a Kurni. Sun gama shuka, suka ba ni abin da bai cika hulata ba. Kullum da safe sai in je gona in cusa yatsa a ƙasa. Ranar farko laima, rana ta biyu gaɓar yatsa ɗaya a bushe, ta huɗu kuwa yatsan ma ƙin shiga ya yi. Gonakin maƙwabta suka yi kore, tamu tana tsakiya kamar sanƙo.

Sai rana ta tara yaya ya farfaɗo, ya nemi kunu. Da ya ji abin da ya faru bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya sa aka kira liman da shaidu, yana jingine da bango, ya naɗa baffa babba, in ba ya nan ƙarami. Na tsaya kusa sosai ko za a tuna da ni. Aka ce in kawo wa baƙi ruwa.

Muka shuka a ruwa na biyu, bayan mako biyu da 'yan kwanaki. Damina ta ɗauke tun geronmu bai gama cika ido ba. Abin da muka girba ya kai mu tsakiyar rani, daga nan sai tafasa da ganyen zogale. Yaya ya rame, ya koma cin ƙwarya ɗaya, rabinta ma yana tura wa matarsa mai shayarwa. Ni nake zama kusa da shi lokacin cin abinci, kuma ban ƙara yi masa ba'ar ƙwarya uku ba.