Keken Baban Peculiar da Matan Hanyar Pambeguwa

Mijina Japheth, wanda duk layinmu a Samaru ake kira Baban Peculiar, irin mutanen nan ne da za ki zauna da su shekara ashirin da shida kina cewa kin san su, sai wata Asabar ki ga ya fito daga ɗaki da matsattsen wando da hular kwano, ya ce miki zai leƙa Giwa ya dawo. Ki ce masa wa ya rasu a Giwa? Ya ce ba kowa. Wa zai gani? Ba kowa. To me zai sayo? Ba komai. Ni Tabitha, ɗinki nake yi a bayan kasuwar Samaru, na san in an tafi wuri to akwai dalili. Wannan tafiyar da babu dalili ce ta ɗaure mini kai tun farko, kuma ban ce ta gama sakina ba.

Aikinsa kula da ɗakin gwaje-gwaje a wata makarantar sakandare, yana wanke kwalabe yana jera su. Ba ya sha, ba ya hayaniya, ba ya kallon ƙwallo. Keke ne kawai cutarsa. Wanda ya ƙara masa ita kuwa Amaechi ne, mai gyaran keke a Sabon Gari, haifaffen nan, wanda Hausarsa ta fi tawa karin magana. Shi ya samo masa wani keken tsere na gwanjo, siriri kamar bai ci abinci ba, mai lanƙwasasshen kai irin ƙahon rago.

A watan Nuwamban bara wata bas ta kwashe shi a Kwangila yana dawowa daga Sabon Gari. Cinyar hagu ta karye wuri biyu, gwiwa ta fashe. Mako bakwai muka yi a asibitin Shika, aka sa masa ƙarfe. Da muka dawo gida kuma, wata huɗu ni da maƙwabta muke ɗaga shi. A ɗaga shi daga gado, a ɗaga shi zuwa bayi, a ɗaga shi a sa a mota in za a koma ganin likita. Bai taɓa yin mita ba. Duk sanda aka ajiye shi sai ya ce, "Sannunku da ɗawainiya," ya juya fuska wajen bango. Ni na ɗauka ciwo ne.

Lokacin Ista muka kai shi ƙauyensu, gaba da Pambeguwa kaɗan, don Inna mahaifiyarsa ta gan shi, tun da tsufa ya hana ta tafiya. Maza biyu suka sauko da shi daga mota a kan kujerar roba. Tsohuwa na ganinsa ta ɗora hannu a ka ta ce, "Wayyo, an kawo mini shi a ɗauke!" Ta yi kuka kamar gawa muka kai mata.

Shi keken kuwa, tun muna asibiti na ce wa Amaechi ya sayar wa 'yan gwangwan, kada in sake ganinsa. Ya ce, "To, Madam." Ashe to ɗin bakin kasuwa ne. Ranar da likitan gashin ƙashi ya ce juya feda zai taimaki gwiwar, washegari sai ga Amaechi a ƙofar gida da keken, ya miƙe shi, ya sa sabuwar kaca, ya ɗora ƙafar baya a kan wani ƙarfe da ya ba mai walda ya haɗa. Na ce, "Amaechi, ashe kai maci amana ne?" Ya ce, "Madam, wanda ruwa ya ci ai ba a hana shi wanka." Suka kafa abin a gindin mangwaron tsakar gida.

Ku zo ku ga ikon Allah. Dattijo mai shekara hamsin da uku yana tuƙi, gumi sharkaf, amma yana nan a gindin mangwaro bai je ko ƙofa ba. Da farko ma gwiwar ba ta yarda feda ta zagayo ba, sai ta kai rabi ta tsaya, ya mayar da ita baya, ya sake. Mako biyu yana wannan. Ranar da ta zagayo gaba ɗaya na fito daga kicin na tarar yana hawaye. Na ruga na ce ƙarfen ne ya goce? Ya ce a'a. Na ce in kira likita? Ya ce a'a. To kukan me? Ya ci gaba da juya fedarsa, ni kuma miyata ta ƙone.

Da damina ta yi nisa ya koma titi. Hanwa da farko, sai Shika, sai Giwa, ya dawo yana ɗingishi yana murmushi. 'Yan cocinmu in suka gan shi a hanya sai su tsayar da mota su buɗe but su ce, "Haba Baba, kawo keken mu rage maka hanya." Ya gode musu ya wuce. Su zo su same ni a shago suna tambaya ko lafiya, ko faɗa muka yi, ko buguwar motar ta taɓa kai. Ni ma da suke tambaya ban sani ba.

A watan Oktoba ya ce mini ranar da hatsarin ya cika shekara zai tafi wurin Inna a keke, yini ɗaya. Kilomita ɗari da 'yan kai, a hanyar da tireloli ke wucewa kamar an koro su! Na yi faɗa, na yi kuka, na yi kwana uku ba na amsa gaisuwarsa. Da na gaji ya ce, "Tabitha, abu ɗaya nake so. Daga ƙofar nan har ƙofar Inna, kada kowa ya ɗauke ni." Na ji da kunnena. Na ce a raina taurin kan maza ne, ya wuce.

To ni ce sakatariyar Zumuntar Mata a cocinmu, kuma shekara goma sha ina zuwa taron zumunta, babu garin da ke kan hanyar nan da ba ni da lambar wata a cikinsa. Na kira Maman Nelson ta Soba, wata mai kirki da muka taɓa kwana ɗaki ɗaya a wurin taro. Na ce, "'Yar'uwa, maigidana zai wuce ta wurinku ranar Asabar a keke, bai daɗe da tashi daga karaya ba. Ku sa mini ido kawai, in ya nema ku ba shi ruwa." Allah shi ne shaidata, ruwa kawai na ce. Ta ce, "Ki kwantar da hankalinki, ai ya zama namu." Ita kuma ta sanar da na gaba, na gaba suka sanar da na gabansu.

Ya tashi da asuba, da gorar ruwa biyu da dabino a aljihu. Sauran labarin daga baya na tsince shi, wani a bakinsa, wani a bakin matan.

A Maigana ya hango mata cikin zanen zumunta a gindin bishiya suna ɗaga masa hannu. Ya zaci taro suke jira, ya tsaya ya gaishe su. Sai ga kunu da ƙosai, sai addu'a, kuma mai addu'ar ba mai gajartawa ba ce. A Soba Maman Nelson ta yanka masa kaza, ta tuƙa tuwon shinkafa. Ku da kanku kun sani, wa zai kalli kazar da aka yanka dominsa ya ce sauri yake yi? Ya zauna ya ci, aka ƙara masa, ya ce ya ƙoshi, aka ce ai mara lafiya ba ya ƙoshi. A Dutsen Wai har fasto ya fito, aka shimfiɗa tabarma, wata tsohuwa ta kama ƙafar tana murza mata man zafi.

Daga nan ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Tabitha, akwai abin da ban gane ba. Matan hanyar nan duk sun san sunana. Har ƙafar da ta karye sun sani."

Na ce, "Ikon Allah ke nan."

Ya ce, "Wata ma ta tambaye ni Peculiar ta gama bautar ƙasa?"

Na ce, "Ka ga mutanen kirki," na kashe waya da sauri. Raina fari tas a lokacin. Na ce ga shi ya ci, ya sha, ana ganinsa, me ya fi wannan?

Abin da ban sani ba, ita gwiwar in ta ɗumama ba ta son a tsaya. Duk zaman da ya yi sai ta huce ta sandare, ya hau da ƙyar, kafin ta saki kuma ga wasu mata a gaba da kwanon fate. Tsayawa biyar ya yi, awa huɗu suka tafi a kan tabarma. Ya wuce Pambeguwa rana ta yi ja, ciki ya cika, ƙafa ta ƙi lanƙwasuwa. Saura kilomita goma sha huɗu ya sauka ya zauna a kan wata kwalbati, wai ya murza ta ya ci gaba ko da tura keken ne.

Ashe tun daga Soba mijin Maman Nelson ke binsa daga nesa da a-kori-kura, ita ta sa shi, ni ban ma sani ba. Ganin ya zauna sai suka ƙaraso, shi da mazan da ya ɗauko a hanya. Baban Peculiar ya ce, "Don Allah ku bar ni, zan iya." Suka ce, "Haba Baba, mu bar ka a daji? Me za mu ce wa Madam?" Mutum huɗu suka ɗaga shi cak, suka sa a mota da kekensa, suna ta yi masa sannu. A ƙofar Inna ma ba su bari ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba, har tsakar gida suka kai shi. Tsohuwa ta leƙo ta ce, "Yau ma a ɗauke?"

Maman Nelson ta kira ni tana murna, an kai shi lafiya. Na yi godiya, na kira maigidan ya fi sau goma bai ɗaga ba. Da safe na kulle gida na shiga mota.

Na same shi a bayan gida kusa da rumbu, ƙafa a miƙe. Bai yi fushi ba, shi dai har lokacin lissafin abin yake yi. Ya ce, "Na rasa wanda ya gaya musu. Ko Amaechi ne?" Kai, da na so in bar wa Amaechi, don yana da tsohon laifi a wurina. Amma na ce, "Ni ce." Kuma da yake ni ba na iya laifi shiru, sai na hau shi da faɗa. Na ce laifi ne in so mijina ya rayu? Ni na wanke ka, ni na kwashe fitsarinka, ni na kwana a bencin asibiti, yanzu don an ba ka kaza shi ne abin ɓata rai?

Ya bari na gama. Ya ce, "Shi ya sa, Tabitha. Wata shida ina cewa na gode. Na gode da aka ɗaga ni, na gode da aka ajiye ni. Rana ɗaya na nema da zan kai kaina wani wuri ba tare da na ce wa kowa na gode ba. Jiya na faɗe ta ya fi sau ɗari."

Ba zan yi ƙarya in ce na gane duka ba, don ni a ganina wanda aka ɗaga ai an so shi ne. Amma na gane na karya masa wani abu da ba a sa wa ƙarfe, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Kwana biyu ya huta, ya ƙi fitowa gaban Inna sai ta kwanta rana. Ranar Talata da safe na samo mai a-kori-kura a ƙauyen, na ce ya mayar da mu kwalbatin nan. Baban Peculiar ya dube ni, ya sa matsattsen wandonsa, ya shiga mota da kansa.

A bakin kwalbatin akwai masu sayar da rake da wasu mata da ke jiran mota. Ya riƙe kan keken, ya ɗaga ƙafar hagu zai haye, ta ƙi kaiwa. Ya sake. A karo na uku ya tafi gaba ɗaya, shi da keken, rim a cikin ciyawa. Mutane suka taso a guje. Ban san lokacin da na shiga gabansu na ware hannuwa ba. Na ce, "Kada wanda ya taɓa shi!"

Wani ya ce, "Hajiya, faɗuwa fa ya yi!" Na ce na gani, mijina ne. Wata mata ta ce wa ta kusa da ita, "Wannan wace irin mace ce?" Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Na damƙe bakin zanena da hannu biyu don kada su tafi da kansu. Ya janye ƙafar daga ƙarƙashin keken, ya dafa gwiwa, ya zame, ya sake dafawa. Allah kaɗai ya san minti nawa. Ya miƙe, ya karkaɗe ciyawa, ya jingina keken da kwalbati ya hau ta sama. Ya tafi a karkace, bai waiwayo ba.

Na sallami mai motar, na zauna a kan kwalbatin. Ban bi shi ba, ban kira kowa ba. Duk tirelar da ta wuce sai in bi ta da ido. Masu rake suna ta satar kallona.

Bayan awa ɗaya da rabi wayata ta yi ƙara, lambarsa ce. Na ɗaga, sai na ji muryar Inna, tana ihu yadda tsofaffi ke yi a waya.

"Tabitha! Ga mijinki ya shigo mini gida a kan keke, ya sauko da ƙafarsa, ba mai riƙe shi! Wai yunwa yake ji. Ke ba kya ba shi abinci ne?"

Na ce, "Ki ba shi, Inna." Na rufe fuska da gyale na yi kukan da ya sa mai rake ya miƙo mini guda ɗaya bai tambaye ni komai ba.