Motar Sai-Na-Duba Ta Sa Siket

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Duk layin, har da 'ya'yansa in ba ya kusa, Sai-Na-Duba suke ce masa. Ko gaishe shi ka yi ka ce ya gida, sai ya ɗan yi jim, kamar zai koma ya leƙo tukuna. An ce takalmin da ke ƙafarsa sai da ya yi wa shagon zuwa huɗu kafin ya saya, kuma har yau bai gama yarda da na hagun ba.

Shekara goma sha tara ke nan yana tuƙa farar a-kori-kura guda ɗaya, wadda ƙofarta ba ta buɗuwa sai an zura hannu ta taga. Aikinsa ma guda ne: kowace safiya ya ɗauko buhun fulawa talatin daga sito, ya bi ta layinsu, ya kai gidan burodin Hajiya da ke bayan gada kafin ƙarfe takwas. Da aikin nan yaransa suka yi makaranta, da shi ya saya wa matarsa keken ɗinkin da take zama a kai a bakin taga.

Rufin kayan kuwa wata tsohuwar shuɗiyar leda ce da yake dannewa da taya da bulo. Wata damina iska ta yaye ta a tsakiyar gada, ya iso da buhu shida sun jiƙe sharkaf. Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta sa yatsa a buhu, ta zaro, ta duba.

"Malam, kwaɓa fulawa aikina ne, ba naka ba. In aka sake, ƙanen mijina yana da mota mai rufi, kuma kwana biyun nan gaisuwarsa ta yi yawa."

Shi ya sa da wata daminar ta kawo kai ya nufi shagon Dogo mai ɗinkin tamfol. Dogo ya baje masa iri-iri: mai kauri irin na tanti da ake ɗaurewa da igiya, mai sheƙi da ake naɗewa kamar tabarma, da wani baƙi mai maɓallai da ake ɗanawa a gefen bodi. Sai-Na-Duba ya shafa, ya ja, ya shinshina, don kada burodin mutane ya yi warin roba.

"Wanne za a yanka?" in ji Dogo.

"Sai na duba."

Kullum ya taso aiki sai ya biya ya karɓi ragowar yanki ya tafi da shi gida gwaji. Wani ya shanya a kan kwano ya ga yadda rana za ta yi da shi, wani ya karce da makulli. Gwajin ruwa kuwa da kansa yake yi: ya tsuguna a tsakar gida ya lulluɓa, matarsa ta juye masa bokiti.

"Baban yara, ko ni ba ka duba ni haka ba kafin ka aure ni."

"Shi ya sa yanzu nake dubawa," ya ce daga ƙarƙashin tamfol.

Sauran ruwan ta wuyan rigarsa ta zuba shi.

Bayan mako uku ya tsaya a kan baƙin mai maɓallai, wanda yake kwanciya shafe a kan bodi kamar an yi masa guga. Ranar da babu aiki ya wanke motar tas, ya ari tef ɗin matarsa, ya auna tsawo da faɗi sau uku, yana rubutawa a bayan kwali. Ita tana kallo ta taga, ƙafarta a kan keke.

"Ka bar mata wuri," ta ce.

"Wurin me?"

"Ni dai in mace ta zo awo, sai na tambaye ta ko tana sa ran ƙaruwa."

"Mota ce wannan, Tela, ba 'yar biki ba. Ki ji da hannun riga, ki bar wa masu ƙarfe ƙarfensu."

Ta ciji zare, ta ci gaba da ɗinkinta.

Dogo ya karɓi kwalin ya duba. "Cif-cif?"

"Cif-cif. Ko yatsa kada ya shiga."

Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Ranar da aka ɗora, sau biyu ya zaga layin da motar ba komai a ciki, ya hana kowa jingina. Tsohuwar ledar kuwa ya ce a fitar masa da ita daga gida.

Washegari da safe gabas ta yi baƙi ƙirin. A sito masu lodi suka jera buhu talatin kamar kullum, kayan suka yi tozo har suka kusa kai rufin gaban mota. Sai-Na-Duba ya warware sabon tamfol ya wurga a kai. Tamfol ya zauna a can ƙololuwa, maɓallansa suna lilo a iska, tsakaninsu da gefen bodi ya fi kamu guda. Ya ja ta dama, hagu ta buɗe. Ya ja ta hagu, dama ta buɗe.

"Oga, hular ta yi kyau," in ji wani mai lodi. "Saura riga."

Komai ya duba, amma motar da ya auna ba ita yake tuƙawa ba: ya auna ta ba kaya. Sawu biyu ba zai yiwu ba, takwas za ta wuce shi a cunkoson gada. Dogo kuma bai buɗe shago ba. Ya tuna fuskar ƙanen mijin Hajiya, ya shiga mota, ya biya ta gida ko Allah zai sa ba a zubar da ledar ba.

Matarsa ta fito ta kalli motar sama da ƙasa, ta koma ciki. Sai ga ta da wani abu a naɗe, da ƙyar take rungume da shi. Duk yankunan da ya kwaso mako uku ne, kore da toka da ruwan ƙasa, an haɗa su da tsohuwar ledar, inda ba su kai ba an cike da ledar teburinsu mai jajayen furanni. An yi masa tattara kamar siket, sama da ƙasa maɓallai irin na Dogo.

"Kama can," ta ce.

Suka ɗana na sama a jikin tamfol, na ƙasa a jikin bodi. Ko ɗaya bai kuskure ba.

"Yaushe kika auna?"

"Shekara goma sha tara tana wucewa ta tagata da ciki. Wane awo kuma?"

A kan gada ruwan ya same shi, kamar da bakin ƙwarya. Iska tana kaɗa tattarar, furanni suna rawa, masu babur da suka fake suna nuna shi suna tafi. Bai kalli kowa ba.

Hajiya ta fito da lema. Ta bi buhunan ɗaya bayan ɗaya tana dannawa da yatsa, har na ƙasan. Sannan ta ja da baya ta ƙare wa motar kallo.

"Gobe ma ka zo da wuri," ta ce. "Kuma ka ce wa telar taka ina da yadi biyu a ajiye."

A ranar ya rantse siket ɗin na kwana uku ne, kafin Dogo ya ɗinka masa na mutunci. Dogo ya tambaye shi wane launi, ya ce sai ya duba. Bana damina ta uku ke nan.