Alawayyona a Ƙarƙashin Tagar Jirgi

Ni dai ban taɓa ganin magidanci mai mata da 'ya'ya ya sayi jirgin ruwa ba don kamun kifi ko fito ba, sai mijin 'yata. Injiniya ne, mutumin kirki, ban da wannan ba ni da abin faɗa a kansa. Jirgin irin wanda iska ke turawa ne, mai doguwar sanda da ƙyalle, yana ɗaure a garin Annapolis nan Amurka, mu kuwa muna Upper Marlboro. Tun da na zo gidansu da zama, ba a tashi daga cin abinci ba a yi zancen tagar jirgin nan ba. Wai akwai ɗaki a cikinsa, an fasa taga ta gilashi a rufin don haske, ita ce ke yoyo, in an yi ruwa katifa ta jiƙe sharkaf. Na tambayi 'yata wa ya aike su huda rufi tun farko. Ta ce in rage murya kada ya ji.

Ni ma danshi ya dame ni a lokacin. Shekarar da muka sauke farali, marigayi maigidana ya sayi farin alawayyo a Makka, muka tsoma shi a zamzam da hannunmu, muka shanya. Da muka dawo Kano ya raba shi biyu da almakashi. Rabinsa yana jikinsa a kabari. Nawa rabin shi na fara sawa a akwati da zan taho Amurka, kafin kuka da daddawa. To ɗakina a ƙasan gida yake, akwatin ya fara warin hunhuna, sai na ciro alawayyon na ninke, na ɗora a kabad ɗin sama inda ake ajiye zannuwan gado. Ban gaya wa kowa ba. Wa ke shelar likkafaninta a gidan suruki?

Wata Asabar aka ce sai na je na ga jirgi, don an kammala gyara. Na sha lulluɓina muka tafi, ni da 'yata da jikata, takwarata, wadda ke jami'a, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Mun tarar da surukin nawa durƙushe a kan rufin, hannunsa baƙi ƙirin. Ya kwance tagar, ya kankare tsohon danƙo, ya shafa sabo, ya mayar ya ɗaure. Saura gwaji. Takwara za ta saki ruwan tiyo daga sama, wani kuma ya zauna a ciki ya duba ko zai ɗiga. Aka ce ni ce alƙali, tunda idona ba ya barin laifin kowa.

Da ƙyar aka sauko da ni ta wani ɗan tsani. Ɗakin matsattse, jirgin yana ta rangaji. Na zauna na ɗaga kai. Ruwa ya zubo a kan gilashi, ko ɗigo bai shigo ba. Sai na sauke ido kan farin ƙyallen da aka shimfiɗa a katifa don tare datti.

Gefensa na fara ganewa, inda almakashin Alhaji maigidana ya karkace. Baƙin danƙo ya ɗiɗɗiga a tsakiyarsa, ga sawun takalmi, an kuma yage wani ɓangare an goge hannu da shi an yar a ƙasa. Daga sama ana ta tambaya ko yana yoyo. 

Can sai 'yata ta sauko. Na nuna mata da yatsa, na tambaye ta daga ina. Ta ce uban ne ya aiki takwara wancan makon ta kawo tsohon zanen gado, ita kuma ta ɗauko wanda ba a taɓa ganin an shimfiɗa ba. Na ce, “Na Makka ne.” Ta zauna a kan tsanin.

Shi ma ya sauko, ya cire hula, ya tsuguna a wannan ɗan lungu. Na juya fuskata bango. Tun da ya auri 'yata, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya ce wa matarsa ta ba ni haƙuri, akwai masu tafiya Umara a wannan watan, za a kawo wani wanda ya fi shi, a tsoma shi a zamzam ɗin. Ranar na fara yi masa magana baki da baki.

“Za a samo min wanda aka yanko daga jikin na Alhaji?”

Bai ɗago ba. Takwara tana leƙowa ta tagar, ta ji komai. Ta sauko tana kuka, ta haɗa Hausarta da ƙyar: “Kaka, na mutuwa ne? Ban sani ba, wallahi.” Na ce mata daman na lura ta ƙosa in tafi ta gaje ɗakina. Ba wanda ya yi dariya.

A gida 'yata ta ce a jefa shi a injin wanki. Na ce zamzam ɗin za a wanke a zubar a kwata? Na sa almakashi na fitar da duk inda danƙo ya taɓa. Abin da ya rage, na ga kamar ba zai rufe ni ba, abinci ya ƙi shiga cikina. Na ce wa 'yata in kwanta ta auna ni, ta rantse hannunta ba zai iya ba.

Sai na aika aka kira wata 'yar Kumasi da ke wankan gawar mata a masallacinmu. Ta zo da safe, muka sha shayi, na miƙe a kan darduma. Ta auna daga kaina zuwa tafin ƙafa, ta sake aunawa, ta ware na zane, na riga, na ɗankwali, na lulluɓi.

“Hajiya, ya isa har da ragi. Kin ƙanƙance.”

A ƙyallen da ta ware na ɗankwali akwai ɗigon danƙo guda kamar ƙwayar wake da idona bai gani ba. Ta ɗauki almakashi. Na ce ta bar shi, an yanka ya isa haka.