Rediyo da Igiyarsa Mai Ƙulli

A danginmu kaf babu wanda ya kama ƙafar ɗan gwaggonmu a surutu, shi ya sa tun yana firamare aka laƙaba masa Rediyo. Ita rediyon gaske ma da dama-dama, don batirinta yana mutuwa. Shi kuwa ko zazzaɓi ne ya kayar da shi, sai ya ba ka labarin ta wace ƙafa ya hau. In ka gaya masa sirri da hantsi, kafin azahar awakin unguwa sun haddace. Ba mugunta ba ce. Shi dai a ganinsa duk abin da ya sani na kowa ne.

Ya girma, ya yi digiri, ya zama malamin labarin ƙasa a wata sakandare. Muna cewa ya nutsu, sai ya tsiri sabuwar lalura: awon rijiya. Duk Asabar da safe zai ɗaure igiya a bayan babur ya zaga rijiyoyi goma sha biyu. Tsohuwar igiyar gugan Inna ce, wato mahaifiyarsa. Ya ɗaura mata tsohon kwaɗon ƙofa a baki don nauyi, ya bi ta da ƙulli har arba'in da ɗaya. Sai ya zura, in ya ji kwaɗo ya ce tsulum, ya ƙirga ƙullin da ya shige, ya rubuta a wani littafi mai baƙin bango. Ƙullin nan kuma ba da ma'auni ya yi shi ba, da ido ne: wani tsakani ya kai kamu guda, wani ya fi, wani ko kusa bai kai ba. Kullum yana cewa wata rana zai sa tef ya auna, wata ranar ba ta zo ba.

Mata masu ɗiban ruwa har sun saba da shi. “Ku matsa, ga likitan rijiya nan ya zo duba marar lafiya!”

Shekara bakwai yana haka, kuma wasa-wasa ya gano abu. Ruwa yana gudu ƙasa. Rijiyar bayan gidan Inna da ya fara samu a ƙulli ashirin da uku ta koma talatin da ɗaya. Sai ya ce zai tafi digiri na biyu, ya rubuta wannan magana da sunansa a kai, yadda masu faɗa a ji za su karanta. Makarantarsa ta ba shi hutun karatu na shekara biyu, ko kwana ɗaya ban da ƙari.

Jami'ar da ta ɗauke shi tafiyar yini guda ce cur a mota, a garin da ko gaisuwarsu bai iya ba. Kwana uku ya yi yana yawo tsakanin ofisoshi da akwati a hannu. Wannan ya ce sai an buga hatimi a can, na can ya ce sai an sa hannu a nan, na nan ya tafi cin abinci tun jiya bai dawo ba. Hoton fasfo kuwa ya raba ya fi wanda ɗan takara ke rabawa. A rana ta uku yana zaune a ƙarƙashin matakala, ya cire takalmi yana wa yatsunsa jaje da ƙarfi, sai ya ji an amsa masa da harshen gida.

“Ƙanena, wa ya jefo ka nan?”

Wani dogo ne mai furfura jefi-jefi, da makullai a ƙugu kamar mai gadin kurkuku. Ɗalibai suna kiransa Dattijo, don shekararsa shida yana karatun shekara biyu. Rediyo ya riƙe hannunsa kamar ya ga wanda suka sha nono ɗaya.

Gaskiya Dattijo ya yi masa rana. Kafin la'asar ya gama masa rajista. Ya samo masa ɗaki a hawa na biyu, ya nuna masa famfon da ke kawo ruwa da sassafe da wanda sai tari kawai yake yi. Ya kai shi ɗakin ɗaliban sashe, ya ba shi tebur kusa da taga da kujera mai ƙafa uku da rabi, ya cusa bulo a ƙarƙashin rabin. Ya koya masa cewa Farfesa, matar da ke shugabantar sashen, ba ta son a ƙwanƙwasa mata ƙofa fiye da sau biyu. Abu ɗaya tak ne bai nuna masa ba. A ofishin Sakatariya akwai wani ƙaton littafi da ake rubuta taken bincike. Dokar sashe ce: wanda ya fara rubuta take a ciki, Farfesa ta sa hannu, ya zama nasa.

Rediyo ya kira Inna bakinsa har kunne. “Inna, na yi yaya a nan!”

“To madalla. Ka dai rage baki, ɗan nan.”

“Haba Inna, wannan ai ɗan gida ne.”

Kafin mako ya zagayo, Dattijo ya san rijiyoyin nan goma sha biyu kamar shi ya haƙa su. Ya san wadda ke kusa da makera da wadda jaki ya taɓa faɗawa. Amma akwai abin da Rediyo ya haɗiye, karo na farko tun da ya fara magana a duniya. Ranar da aka zaga da sababbin ɗalibai ɗakin gwaje-gwaje, ya ga na'urar awon ruwa tana walƙiya a cikin akwatin gilashi, har da fitila mai ƙyaftawa. Sai kunya ta kama shi. Ya koma ɗaki ya tura igiyarsa da kwaɗonta can ƙasan akwati, ya danne da bargo. In zancen awo ya taso sai ya ce, “Na auna,” ya wuce.

Wata rana suna shan shayi Dattijo ya juya littafin nan mai baƙin bango yana girgiza kai. “Shekara bakwai a takarda? In ruwa ya taɓa shi fa? Kawo in buga maka a kwamfuta.”

Shi Rediyo da yatsa ɗaya yake bugu, yana neman harafi kamar kaza tana tsintar tsaba. Ya miƙa littafin da hannu biyu.

“Yaya, ko in je in gaya wa Farfesa takena?”

“Kai, sabon shiga ba ya gaggawa. Bari ka yi wata biyu tukuna, ta san fuskarka.”

Bayan kwana huɗu aka dawo masa da littafinsa, aka ce bugun yana nan tafe.

A mako na shida aka liƙa sanarwa cewa ran Laraba da safe Dattijo zai gabatar da taken bincikensa a gaban malamai. Rediyo ya fi mai abin murna. Shi ya jera kujeru, shi ya ɗauko majigi a ka, shi ya goge allo har yana ganin haƙoransa a ciki. Ya zauna a layin gaba, ya fara tafi tun kafin mutumin ya buɗe baki.

Aka kunna majigi. Rubutu ya fito a bango ɓaro-ɓaro: janyewar ruwan rijiyoyi goma sha biyu cikin shekara bakwai.

Rediyo ya yi murmushi. A ransa ya ce, kai Yaya da iya ba-zata, yanzu zai kira ni in miƙe. Har ya gyara wuyan riga. Shafi ya wuce, wani ya zo. Ga ta makera. Ga wadda jaki ya faɗa. Ga ta bayan gidan Inna, ashirin da uku zuwa talatin da ɗaya, an rubuta “mita” a gefe. Ya ci gaba da jira. A shafin ƙarshe Dattijo ya gode wa Farfesa, ya gode wa Sakatariya, ya gode wa mai gadin ɗakin karatu, har wanda ya ƙera majigin saura kaɗan ya samu. Sannan ya ce, “Na gode.”

Farfesa ta zare tabarau. “Mita takwas a shekara bakwai? In haka ne ai da garin ya tashi. Da me ka auna?”

“Da tef, ranki ya daɗe.”

“Alƙaluman nan ba su kwanta min ba. Take dai naka ne, tunda ka yi rajista, amma ka koma ka sake dubawa.”

Rediyo kuwa, mutumin da ko a jana'iza sai an taka masa ƙafa yake shiru, ran nan ya buɗe baki iska kawai ta fito.

Ana watsewa ya nufi ofishin Sakatariya. Ta buɗe masa ƙaton littafin, ta ɗora yatsa a kan layin. Kwanan watan washegarin ranar shayin nan ne.

“Baiwar Allah, wannan aikina ne. Shekara bakwai!”

“Ayya, Malam. Me ya hana ka zuwa ka rubuta?”

“An ce in bari Farfesa ta san fuskata.”

Ta dube shi kamar ta yi kuka, kamar ta yi dariya. “Kana iya kai ƙara. Sai a kafa kwamiti, kai da shi duk ku ajiye aiki har ya gama zama. Na baya shekara biyu ya yi, kuma har yau ba a buga rahoton ba.”

Shekara biyu, iyakar abin da ke hannunsa ke nan.

Ya sami Dattijo a ɗakin ɗalibai, a kan teburin da ke daura da nasa, yana ɓare lemo.

“Yaya, me na yi maka?”

“Zauna, ƙanena.”

“Ba zan zauna ba! Kai ka sa wa kujerar bulo, na san ko za ka zare?”

Dattijo ya ajiye lemon. “Take uku ya mutu a hannuna. In ban gabatar da komai ba wannan zangon, kora ce. Matata ta daina tambayata yaushe zan gama, ka san abin da wannan ke nufi? Kai yanzu ka zo, ƙwaƙwalwarka sabuwa fil. Ka samo wani.”

“A ina? A kasuwa ake sayarwa? Kuma don ka sani, ba mita ba ne! Ƙulli ne! Ƙullin igiyar Inna, kuma babu biyun da tsakaninsu ya zo ɗaya!”

Sai da maganar ta fita ya ji ta. Bakin nan dai ya sake yin halinsa. Ana ganin lissafi yana tafiya a goshin Dattijo. Da igiyar a hannu, tef kawai zai ɗora ya mayar da kowane ƙulli mita, Farfesa ta sa hannu.

“Igiyar tana nan?” Murya ta yi laushi kamar ta mai lallashin jariri. “Kawo ta ran Lahadi mu auna tare. Wallahi zan sa sunanka a shafin godiya. Da manyan baƙaƙe.”

Rediyo ya juya ya fita.

Ran Lahadi tun da sassafe ya ɗaga bargo ya ciro igiyar. Ya zauna a bakin gado da ƙusa a hannu. Ƙullin da ya sha ruwan rijiya shekara bakwai ai ya zama dutse. Ya sa ƙusa, ya sa farce, ya sa haƙori. Kowane ƙulli ya san shi: wannan shi ne ta makera ke tsayawa a kai da damina, wancan shi ne ta Inna ta tsaya a kai shekarar farko, ba ta ƙara tsayawa a nan ba. A na ashirin da uku ya tsaya ya share ido, wai zaren igiya ne ya shiga. Sai bayan azahar ya kwance na arba'in da ɗaya, yatsu duk sun sale. Ya jiƙa ta a bokiti, ya murje da sabulu har sawun ƙullin ya ɓace, ya sauka tsakar gidan kwanan ɗalibai ya ɗaure ta tamau tsakanin turaku biyu, daidai tagar Dattijo. Ya shanya riguna uku da wando da safa ƙafa ɗaya.

Sai ga Dattijo da sabon tef a hannu. Ya bi igiyar da ido daga wannan turke zuwa wancan, ya dawo.

“Ina ƙullin?”

“Shanya nake, Yaya. Ƙulli yana ɓata riga.”

Har yau taken yana cikin littafin Sakatariya da sunan Dattijo, bai motsa ba. Shi kuwa Rediyo Farfesa ta ba shi wani: magudanun ruwan cikin jami'a. Likitan rijiya ya koma likitan kwata. Da kansa ya je ya rubuta a littafin, ya tsaya a kan Sakatariya har tawada ta bushe. Teburinsa yana nan daura da na Dattijo, don babu wani, kuma bulon yana ƙarƙashin kujera.

Da ya zo hutu muka share kunne, muna jiran shirin mako biyu ba talla. Labarin nan ma da ƙyar muka tatso shi, guntu-guntu. Abin da ya dame mu duka ɗaya ne: kafin ya kwance, ya sa tef ya auna tsakanin ƙullin ya ɓoye? In ya auna, shekara bakwai tana da rai. In bai auna ba, littafin nan sai dai a kunna murhu da shi. Mun tambaya da wasa, mun tambaya da gaske. Inna ma ta tambaya.

“Ɗan nan, ni ma ba za ka gaya min ba?”

“Ke kika ce in rage baki, Inna.”

“Ban ce da ni ba.”

Ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofi.

Ran Asabar da safe ya tayar da babur, da tef a aljihu da sabon littafi. A rijiyar bayan gida mata suka yi masa caa. “Likita ya dawo! Yaya jikin marar lafiyar?”

Ya zura, ya jawo, ya duba. Ya ce, “Da sauƙi.” Sannan ya juya musu baya, ya kare shafin da tafin hannu, ya rubuta.